Yadda Babban Mutum Zai Tsara Alluran Rigakafinsa Mataki-Mataki

Da yawa an ɗauka rigakafi harkar yara ce, da zarar yaro ya tasa shi ke nan an gama. Gaskiyar ita ce akwai alluran da ƙarfinsu ke raguwa da tafiyar shekaru, akwai waɗanda ba a fara yin su ba sai bayan manyan yau sun wuce ƙuruciya, akwai kuma waɗanda buƙatarsu ba ta tasowa sai shekaru sun ja ko wata lalura ta shigo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin rigakafin yara na bai ɗaya a 1974, amma sai a 1992 aka ba ƙasashe shawarar su sa allurar ciwon hanta nau'in B cikin jerin, kuma ƙasashe da dama sun ɗauki shekaru kafin su aiwatar. Don haka mai shekara talatin ko arba'in a yau, ko da an yi masa duk alluran zamaninsa, da wuya a ce babu giɓi a tare da shi. Aikin da ke ƙasa shi ne gano giɓin, da cike shi bisa tsari.

Abubuwan da za ka tanada

Tsohon katin rigakafi, naka na ƙuruciya ko na awon ciki ko katin tafiya, duk wanda ya samu. Ƙaramin littafi ko sabon kati da za a riƙa rubuta sunan allura, kwanan wata, lambar rukunin maganin da sa hannun wanda ya yi. Jerin magungunan da kake sha, da sunansu da yawansu. Sakamakon gwaje-gwajen jini na baya, musamman na ciwon hanta da na cuta mai karya garkuwar jiki. Waya ko kalanda don sa tunatarwa. Riga mai faɗin hannu wadda za a naɗe har kafaɗa. In tafiya za ka yi, ka haɗa da fasfo, domin sunan da ke kan katin tafiya dole ya zo daidai da na fasfo harafi da harafi.

Mataki na 1: Tono tarihinka

Ka fara da takarda. Abin da aka rubuta da kwanan wata shi kaɗai ake ƙirgawa. "Mahaifiyata ta ce an yi mini duka" ba ya shiga lissafi, don ba a san waɗanne ne dukan ba, kuma ba a san sau nawa ba. Tabon nan da ke dantsen mutane da yawa shaida ce ta allurar BCG ta tarin fuka, ko ta agana ga waɗanda suka manyanta. Ba ya nuna komai game da sauran.

In babu kati, ka nemi asibitin da ka taɓa yin aiki ko awo, ko makarantar da ta taɓa neman shaidar rigakafi. In nan ma babu, ƙa'idar mai sauƙi ce: a ɗauka ba a yi ba, a fara. Maimaita allurar da aka riga aka yi ba ya cutar da mai lafiya, iyakarta ciwon dantse ya ɗan fi na da.

Mataki na 2: Rubuta halin da kake ciki

Kafin ka je wurin ma'aikacin lafiya, ka rubuta amsar waɗannan a takarda ɗaya: shekarunka, ko akwai juna biyu ko shirin ɗauka, ciwon suga, asma, ciwon zuciya, ƙoda, hanta ko amosanin jini, ko an cire maka saifa, ko kana shan maganin da ke rage garkuwar jiki, ko an ƙara maka jini cikin shekarar da ta wuce, ko wata allura ta taɓa sa maka kumburin fuska da ƙuncin numfashi, irin aikinka, da tafiyar da ke gabanka.

Dalilin tambayoyin shi ne rigakafi iri biyu ne. Akwai wanda aka yi da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, kamar na ƙyanda, na farankama (ƙarambau) da na zazzaɓin shawara. Akwai wanda babu komai mai rai a cikinsa, kamar na tetanus, ciwon hanta, HPV (ƙwayar da ke jawo sankarar bakin mahaifa) da nimoniya. Kashi na biyu kusan kowa na iya karɓa. Kashi na farko ba a ba mai juna biyu ko wanda garkuwarsa ta yi ƙasa sosai. Ma'aunin da ake bi: wanda ke shan prednisolone, maganin kumburi mai rage garkuwar jiki, miligiram 20 ko fiye a rana har tsawon kwana 14 ko fiye zai jira wata ɗaya bayan dainawa, wanda ya gama maganin sankara zai jira aƙalla wata 3, mai HIV da ƙwayoyin garkuwar jininsa da ake kira CD4 ke ƙasa da 200 ba a yi masa ta ƙyanda ko ta farankama sai sun hau. Wanda aka ƙara wa jini ko aka yi wa allurar sinadarin garkuwa kuma ana ɗage masa ta ƙyanda wata 3 zuwa 11, gwargwadon abin da aka ba shi, saboda garkuwar da ta shigo da jinin tana kashe ƙwayar rigakafin kafin ta yi aiki.

Mataki na 3: Gwajin jini, inda yake da amfani

Yawancin alluran ba sa buƙatar gwaji. Wanda ya cancanci a yi shi ne na ciwon hanta nau'in B, kuma abu uku ake dubawa: HBsAg (alamar ƙwayar cutar), anti-HBs (alamar kariya) da anti-HBc (alamar an taɓa kamuwa). In HBsAg ya nuna akwai, cutar tana jiki; allura ba za ta amfane ka ba, likitan hanta kake buƙata, kuma abokin zamanka da mutanen gidanka su ne ya kamata a gwada a yi wa rigakafi. In duka ukun ba su nuna komai ba, ba ka da cutar, ba ka da kariya, sai a fara allura. In anti-HBs kaɗai ya nuna, alamar an taɓa yi maka ce.

A ɗebi jinin kafin allura. Allurar kanta tana iya sa HBsAg ya nuna na wasu kwanaki, mutum ya shiga tashin hankali a banza. In kuma babu wurin gwaji kusa, kada ka fasa allurar saboda haka. Yi wa mai ɗauke da cutar ba ya ƙara masa ciwo.

Mataki na 4: Fara da tetanus da mashaƙo

Nan ne aka fi yin kuskure. Mutum ya taka ƙusa, a yi masa allura ɗaya, ya tafi da tunanin ya samu kariya. Allura ɗaya ga wanda bai taɓa yi ba kusan ba ta ba da komai. Ita dai tana gabatar wa jiki da abin ne, kariyar sai daga ta biyu take farawa. Ƙwayar tetanus tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, don haka rigakafin maƙwabta ba ya kare ka. Ko wanda ya yi cutar ya warke bai samu garkuwa ba, sai an yi masa allura.

Wadda ake yi wa manya ita ce Td, mililita 0.5 a dantse, tana haɗe da kariyar mashaƙo. Ƙaramin harafin d na nufin an rage yawan kashin mashaƙo don ya dace da babba. Ta jarirai ba a yi wa manya. Ga wanda ba shi da shaidar komai, tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya allura 5 ne:

Ta farko, ranar da aka fara. Ta biyu, bayan aƙalla mako 4. Ta uku, aƙalla wata 6 bayan ta biyu. Ta huɗu, aƙalla shekara 1 bayan ta uku. Ta biyar, aƙalla shekara 1 bayan ta huɗu.

Ta biyu tana ba da kariyar shekara 1 zuwa 3, ta uku kamar shekara 5, ta huɗu kamar 10, ta biyar kuma ta shekaru masu yawa. Wanda aka yi wa uku na jarirai da ƙari uku daga baya, wato 6, Hukumar tana ganin ya cika. Wasu ƙasashe, irin su Amurka, suna ƙara ɗaya duk shekara 10. In ba ka da tabbacin cikar naka, bin tsarin shekara 10 ya fi kwanciyar hankali. Inda ake samun Tdap, wadda ta ƙara da kariyar tarin shiƙa, a sa ta a madadin Td sau ɗaya, musamman ga mai zama da jariri.

In rauni ya samu, ga yadda ake yanke hukunci. A fara wanke shi da ruwa mai gudu da sabulu, a fitar da ƙasa da mataccen nama. Ƙaramin rauni mai tsabta: a yi ƙari in allurar ƙarshe ta wuce shekara 10. Rauni mai zurfi, ko mai datti, ko ƙuna, ko cizo: a yi ƙari in ta wuce shekara 5. Wanda bai kai allura 3 ba, ko bai sani ba, kuma rauninsa mai datti ne, ana haɗa masa Td da allurar sinadarin garkuwa na tetanus, yawanci awo 250, a wani gefen jiki daban da wani sirinji daban. Sinadarin yana tsare shi nan take na 'yan makonni, Td kuma tana gina ta gaba. Sannan ya dawo ya cika sauran, wanda shi ne abin da mutane ba sa yi.

Mataki na 5: Ciwon hanta nau'in B

Allura 3 ce: yau, bayan wata 1, sannan wata 6 daga ta farko. Ta manya mililita 1 ce a mafi yawan samfura, ta yara rabin haka. Ka tabbatar ta manya aka ɗauko. Tazarar da ba a sauka ƙasa da ita: mako 4 tsakanin ta farko da ta biyu, mako 8 tsakanin ta biyu da ta uku, mako 16 tsakanin ta farko da ta uku. Mai gaggawar tafiya akwai tsarin kwana 0, 7 da 21, amma sai ya ƙara ta huɗu bayan wata 12, in ba haka ba kariyar ba ta ɗorewa.

A dantse ake yin ta. In aka yi a ɗuwawu maganin yakan tsaya cikin kitse, garkuwar ta fito da rauni, kuma irin wannan ba a ƙirga ta, sai an sake.

Ma'aikatan lafiya, masu wankin ƙoda, masu HIV da abokan zaman mai cutar su yi gwajin anti-HBs wata 1 zuwa 2 bayan ta ƙarshe. Sakamako 10 ko sama ya isa. In bai kai ba, a sake zagaye na allura 3 a sake gwadawa. Masu wankin ƙoda ana ba su ninkin awo. Sauran masu lafiya da suka cika 3 ba sa buƙatar ƙari, ko da bayan shekaru gwaji ya nuna adadin ya sauka, domin jiki yana riƙe da tunin abin.

A ganina, bayan tetanus wannan ce ta fi cancantar a ba ta muhimmanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da cutar a 2022, yawancinsu ba su sani ba, kuma tana kaiwa ga ƙandarewar hanta da sankara.

Mataki na 6: Ƙyanda, farankama da HPV

Allurar MMR tana haɗa ƙyanda, hangum da rubela, wata cuta mai kama da ƙyanda. A wasu wurare MR ake samu, babu hangum. Wanda ba shi da shaida ya yi 2, tazarar aƙalla kwana 28. Biyun suna kare kusan kashi 97 cikin 100 daga ƙyanda. Mace mai shirin haihuwa ita ta fi buƙata, saboda rubela a farkon ciki tana jawo wa jariri kurumta, yanar ido da ciwon zuciya. A yi kafin ciki, a kuma jinkirta ɗaukar ciki wata 1 bayanta.

Farankama, wadda wasu ke kira ƙarambau, ta fi tsanani ga babba. Wanda bai taɓa kamuwa da ita ba ya yi allura 2, tazarar mako 4 zuwa 8.

HPV ita ce ƙwayar da ke haddasa kusan duk sankarar bakin mahaifa, nau'i na 16 da na 18 kaɗai suna da alhakin kusan kashi 70 cikin 100. Allurar ta fi aiki kafin a haɗu da ƙwayar, shi ya sa aka fi mayar da hankali kan 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Amma babba ma yana samun rabonsa: tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce daga shekara 15 zuwa 20 allura 1 ko 2, sama da haka 2 da tazarar wata 6, masu raunin garkuwa kuma 3 inda hali ya yi. Amurka tana ba da ita ga maza da mata har shekara 26, daga 27 zuwa 45 kuma sai an tattauna da likita. Ba ta warkar da ƙwayar da ta riga ta shiga, don haka gwajin bakin mahaifa yana nan daram ko an yi allura.

Mataki na 7: Abin da shekaru ko lalura ke ƙarawa

Mura mai tsanani, wato fulu: allura 1 duk shekara, saboda ƙwayar tana sauya kama, ana kuma sabunta maganin sau biyu a shekara, ɗaya don arewacin duniya ɗaya don kudanci. Waɗanda suka fi buƙata su ne masu shekara 65 zuwa sama, masu juna biyu, masu ciwon suga, asma, zuciya ko ƙoda, da ma'aikatan lafiya. A yi kafin lokacin yaɗuwarta, don tana ɗaukar mako 2 kafin ta kama. Ba ta hana murar yau da kullum, wadda wasu ƙwayoyi daban ke kawowa. Wannan ne ke sa wasu cewa ba ta yi musu aiki ba.

Nimoniya: ƙasashe da yawa suna farawa daga shekara 65, Amurka ta sauko zuwa 50 a 2024. Ƙasa da haka ana yi wa masu ciwon suga, huhu, zuciya, hanta, ƙoda, HIV, amosanin jini, masu shan taba da waɗanda ba su da saifa. Allurar nimoniya samfura ce daban-daban: in akwai PCV20 ko PCV21, allura 1 ta wadatar. In PCV13 ko PCV15 ake da ita, a fara da ita, a biyo da PPSV23 bayan shekara 1, ko bayan mako 8 ga mai raunin garkuwa. Kada a juya tsarin: in PPSV23 ta riga shiga, sai a jira shekara guda kafin ɗayar.

Mai amosanin jini da wanda aka cire wa saifa matsayinsu ɗaya a nan, domin saifar mai sikila tana daina aiki tun yana ƙarami. Ban da nimoniya suna buƙatar ta sanƙarau da ta Hib, wata ƙwayar cuta mai jawo sanƙarau da nimoniya. In an tsara aikin cire saifa, a yi alluran aƙalla mako 2 kafin aikin.

Zosta ita ce ƙwayar farankama da ke kwance cikin jijiya tun ƙuruciya, ta farka bayan shekaru ta fito da ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi a gefe ɗaya na jiki, wani lokaci zafin ya zauna watanni bayan ƙurajen sun bushe. Allurar Shingrix ana yin ta daga shekara 50, sau 2, tazarar wata 2 zuwa 6, kariyarta ta haura kashi 90 cikin 100. Tana da jijjiga jiki: ciwon gaɓoɓi da zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu abu ne da aka saba gani, don haka kada a sa ta a jajibirin wani aiki mai nauyi.

Korona: tsofaffi, masu raunin garkuwa da masu manyan lalurori su ne ake ba shawarar ƙari, bayan wata 6 zuwa 12 daga ta baya. Akwai kuma sabuwar allurar RSV, wata ƙwaya mai kama hanyoyin numfashi, ga tsofaffi, inda ta samu.

Mataki na 8: In akwai juna biyu

In ba ki da shaidar tetanus, ki yi Td ta farko a awon farko, ta biyu bayan mako 4, kuma ta biyun ta kasance aƙalla mako 2 kafin haihuwa, don garkuwar ta samu ratsawa zuwa ga jariri. Sauran ukun ki cika su bayan haihuwa ko a ciki na gaba. Ki riƙe katin, domin rashinsa ne ke sa a yi ta fara wa mace daga farko a kowane ciki. Inda ake da Tdap, ana yin ta a kowane ciki tsakanin mako na 27 da na 36. Ta fulu da ta ciwon hanta B ba su da matsala a kowane wata. MMR, farankama da HPV a bar su sai an sauka. In an yi MMR cikin rashin sani, ki sanar da likita, amma wannan ba dalilin zubar da ciki ba ne. Shayarwa ba ta hana MMR.

Mataki na 9: Tafiya da sana'a

Ka je wurin rigakafi mako 4 zuwa 6 kafin tafiya. Ta zazzaɓin shawara allura 1 ce, katin yana fara aiki kwana 10 bayanta, kuma tun 11 ga Yuli 2016 dokar lafiya ta ƙasa da ƙasa ta ce yana aiki har ƙarshen rayuwa, ko da an rubuta shekara 10 a kan tsohon kati. A cibiyar da aka amince da ita kaɗai ake yi. Mai shekara 60 zuwa sama da zai yi a karon farko, da wanda ƙwai ke tayar wa mummunan borin jini, su tattauna da likita tukuna. Katin da aka saya ba tare da allura ba yana iya wuce jami'in filin jirgi, amma mai shi yana nan ba kariya, ga cutar da ke kashe kusan rabin waɗanda ta tsananta a kansu.

Saudiyya tana sharɗanta allurar sanƙarau mai nau'i huɗu, ACWY, ga masu aikin Hajji, aƙalla kwana 10 kafin isowa. Samfurin da ake kira konjuget yana aiki shekara 5, tsohon samfurin shekara 3, don haka a rubuta nau'in a kan kati. Mai zuwa inda ruwan sha ba shi da tabbas ya nemi ta taifot da ta ciwon hanta nau'in A, wadda ake yi sau 2 da tazarar aƙalla wata 6.

Likitocin dabbobi da masu mu'amala da karnuka su yi ta haukan kare tun kafin cizo, ranar farko da rana ta 7. Wannan ba ta ɗauke zuwa asibiti bayan cizo, tana dai rage alluran zuwa 2. Kowa ma, in kare ko kyanwa da ba a san lafiyarsu ba suka cije shi, ya wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15 cur, ya tafi asibiti a ranar. Da zarar alamun cutar sun bayyana, kusan ba a tsira.

Mataki na 10: Jera su a kalanda

Ƙa'idoji uku ne. Ana iya yin allurai da yawa rana ɗaya, a hannu daban-daban, ko a hannu ɗaya da tazarar santimita 2.5, ba a haɗa su cikin sirinji ɗaya. Allurai biyu masu rai, ko dai a yi su rana ɗaya ko a raba su da mako 4. Jinkiri ba ya ɓata abin da aka yi, gaggawa ce ke ɓatawa: allurar da aka yi kafin cikar tazara ba a ƙirga ta.

Misali, mai shekara 35, lafiyayye, babu kati, gwajin hanta bai nuna komai ba. Zuwan farko: Td a hagu, ciwon hanta B a dama, da MMR. Bayan mako 4: ukun duka a karo na biyu. A wata na 7: Td ta uku da ciwon hanta B ta uku tare, tunda ɗage ta hanta da wata ɗaya ba ya rage komai, ya kuma rage maka zirga-zirga. Bayan shekara, Td ta huɗu. Bayan wata shekarar, ta biyar. Zuwa biyar ke nan. Ka sa tunatarwar zuwa na gaba a waya tun kana zaune a wurin.

Mataki na 11: Ranar allura

Ka ci abinci, ka sha ruwa. 'Yar mura, tari, ko shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba sa hana allura. Zazzaɓi mai zafi ne ke sa a ɗage har a samu sauƙi.

Ka duba kwalbar, haƙƙinka ne. Sunan maganin, ranar ƙarewar aiki, da inda aka ɗauko ta: daga firiji ko akwatin sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Kwalabe da yawa suna da tambari a jiki, da'ira mai ɗan murabba'i a tsakiya. In murabba'in ya fi da'irar haske, maganin lafiya lau. In launinsu ya zo ɗaya ko murabba'in ya fi duhu, zafi ya lalata shi. Tambarin ba ya nuna daskarewa, alhali ƙanƙara tana kashe Td, ta ciwon hanta B da HPV. Kwalbar da ta taɓa daskarewa, in aka girgiza za a ga gudaji-gudaji suna saurin kwantawa a ƙasa, maimakon ruwa mai gauraye sumul. Saboda haka kada ka sayi allura ka ajiye a gida, ko ka ɗauko ta manne da ƙanƙara. MMR da ta shawara gari ne da ake haɗawa da ruwansu na musamman, kuma bayan awa 6 da haɗawa zubarwa ake yi.

A buɗe sabon sirinji a gabanka. Ka zauna, ka saki hannu. Wurin da ya dace shi ne tsakiyar tsokar dantse, kamar faɗin yatsu 2 zuwa 3 ƙasa da ƙashin kafaɗa, allurar a tsaye. In aka yi sama da haka maganin na iya shiga gaɓar kafaɗa, ya bar ciwon da ke ɗaukar watanni. Wannan ne amfanin naɗe hannun riga har sama maimakon jan wuyanta ƙasa. Mai shan maganin tsinka jini ya faɗa, a yi da siririyar allura a danne wurin minti 2 ba murzawa.

Ka zauna minti 15 bayan an gama, ko 30 in ka taɓa samun mummunan borin jini. Irin wannan yana faruwa kamar sau 1 cikin allura miliyan, yawanci cikin mintunan farko, kuma maganinsa adrenalin ne a cinya. Wurin da ba su da shi a ajiye ba wurin yin rigakafi ba ne. Kafin ka tashi, ka tabbatar an cike kati, ka ɗauki hotonsa.

Mataki na 12: Bayan allura, da abin yi in tsari ya karkace

Ciwon dantse, ɗan kumburi, kasala da zazzaɓi mara zafi na kwana 1 zuwa 3 ba abin damuwa ba ne. Ka riƙa motsa hannun, ka ɗora tsumma mai sanyi, in ya dame ka ka sha parasitamol miligiram 500 zuwa 1000 duk awa 6, kada ya wuce giram 4 a rana. Ba a shan sa tun kafin allura don riga-kafin zafi. MMR nata daban ne: zazzaɓi ko 'yan ƙuraje suna iya fitowa bayan kwana 6 zuwa 12, su wuce da kansu.

A koma asibiti nan take in aka ga ƙuncin numfashi, kumburin leɓe ko harshe, borin jini a duk jiki, jiri mai kai wa faɗuwa, raunin ƙafafu da ke hawa sama, ko jan wurin allura da ke ƙara faɗi da ruwa bayan kwana 3.

In lokacin allura ya wuce, ko da shekara biyu ne, a ɗora daga inda aka tsaya. Wanda ya yi ta hanta 2 ya ɓace, saura 1 gare shi. In samfurin da aka fara da shi ya yanke, a cika da na wani kamfani maimakon a zauna jira. Wannan ya halatta ga Td, ciwon hanta B, MMR da HPV. In Td babu sai TT, wadda ba ta da kashin mashaƙo, kuma ga rauni a jiki, a karɓe ta, a nemi Td a zuwa na gaba. In kuma hali bai kai a yi duka ba, a fara da tetanus, sai ciwon hanta B, sai MMR ga mace mai shirin haihuwa, sai nimoniya da fulu ga tsoho ko mai lalura. Ta zosta da ta RSV su biyo baya lokacin da suka samu.